Wata Bakwai Muna Ce Wa Inna "Babu Layi"

Assalamu alaikum Malam. Daga Makka nake rubuto maka, ina roƙon ka sakaya sunana. Asalinmu mutanen Mai Wurno ne ta Sudan. Mahaifiyarmu ta zo wurina 'yan watanni kafin yaƙi ya ɓarke a 2023, ba ta samu komawa ba. Ta haura shekara saba'in, tana da hawan jini, kuma an taɓa kwantar da ita saboda ciwon zuciya. Da daminar da ta wuce babban yayanmu ya rasu can gida, kwalara ce ta kwana biyu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Yayana na biyu da ke Jidda ya ce kada a gaya wa Inna, don faɗar ba za ta dawo da mamaci ba, sai dai ta ƙara mana wata gawar. Wata bakwai ke nan, duk sanda ta tambaya sai mu ce babu layi. Yanzu layi ya dawo, maƙwabta na waya da danginsu a gabanta. Yaya ya ce a sa wani ɗan baffanmu mai irin muryar marigayin ya riƙa turo mata saƙon murya ta WhatsApp. Gwaggo kuma, ƙanwar mahaifinmu, ta ce ƙarya ƙarya ce, a gaya mata yau ɗin nan, ta kuma rantse ba za ta ƙara taka gidana ba sai an faɗa. Duk wata Inna tana ba ni riyal ɗari biyu in tura masa, ni kuwa matarsa nake tura wa. Da Sallah ta sa aka ɗinka masa jallabiya, tana nan cikin akwatinta. Malam, wa ke da gaskiya, Yaya ko Gwaggo?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yayanki, ya raya abin da ya bari. Manzon Allah (SAW) ya lissafa wanda ciwon ciki ya yi ajalinsa cikin shahidai, muna fata yana cikinsu. Ki riƙe wannan, akwai ranar da za ki buƙace shi.

Bari in fara da abin da ba ya buƙatar dogon nazari. Maganar ɗan baffanku da saƙon murya, a binne ta. Uwa ta san muryar ɗanta tun yana cewa "ta-ta". Idan ta gane, kun gaya mata rasuwar ta hanya mafi muni. Idan ba ta gane ba, za ta riƙa sa wa wannan murya albarka, tana sake kunnawa kafin ta kwanta, ranar da gaskiya ta fito kuma ɗanta zai mutu mata sau biyu.

Sauran tambayar ita ce mai nauyi. Gardamar Yaya da Gwaggo ta girme su su duka biyun, kuma manyan masana sun yi ta har suka bar duniya ba su sasanta ba. Wani ɓangare ya ce aiki ba ya da kyau ko muni a karan kansa, sai an ga abin da ya haifar. Wani lauya ɗan Ingila, Jeremy Bentham, shi ya fi kowa tsara wannan ra'ayi, a littafin da ya fitar a 1789. A wurinsa kowane aiki ana ɗora shi a sikeli: daɗin da zai jawo a nan, raɗaɗin da zai jawo a can, wanda ya rinjaya shi ne hukunci. Har ya jera abubuwan da za a duba wajen awon: tsananin abin, tsawon lokacinsa, tabbacin aukuwarsa, kusancinsa, ko zai haifi wani irinsa, ko zai zo gauraye da kishiyarsa, da yawan mutanen da zai shafa. Yayanki na Jidda bai taɓa jin sunan Bentham ba, na sani, amma da ya ce "faɗar ba za ta dawo da mamaci ba", sikelin nan ya ɗauko. Kuma kada a raina shi. John Stuart Mill, wanda ya gaji wannan tafarki, da ya zo maganar ƙarya a rubutunsa na 1861, ɗaya daga misalan da ya kawo na inda ake sassautawa shi ne ɓoye mummunan labari ga mai tsananin ciwo. Kamar gidanku ya leƙa.

Ɗaya ɓangaren na Gwaggo ne, limaminsu kuma Bajamushe Immanuel Kant, mutumin Konisbag, garin da yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha. Shi cewa ya yi akwai abin da ya wajaba a kanka ko da sama da ƙasa za su haɗe, kuma sakamako ba a hannunka yake ba, niyyarka da aikinka su ne naka. Ya ba da ma'auni guda biyu da nake so ki riƙe. Na farko, kafin ka yi abu ka tambayi kanka, ka yarda kowa a duniya ya mai da shi ɗabi'a? Na biyu, kada ka taɓa juya ɗan Adam kamar kayan aiki, ko da don alherinsa kake ganin kana yi. Amma ya ja igiyar har ta tsinke. A 1797 ya rubuta cewa ko mai kisan kai ne ya ƙwanƙwasa ƙofarka yana tambayar abokinka da ka ɓoye, ba ka da izinin yi masa ƙarya. Duk wanda ya san abin da ya faru a biranen Khartum da Madani na Sudan a yaƙin da ya ɓarke a 2023, inda aka riƙa bin mutane gida-gida, ba sai an gaya masa cewa wannan fatawa ta wanda yake zaune lafiya ce ba.

Malamanmu ba su tsaya nan ba, ba su kuma tafi can ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya ce magana hanya ce zuwa manufa, kuma idan azzalumi ya zo neman wanda ka ɓoye don ya kashe shi, ƙarya ta zama wajibi a kanka. Imam Nawawi ya ɗauko wannan ya tabbatar. Shaɗibi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya ce duba makomar ayyuka abu ne da Shari'a ke nufi. Ke da kike Makka ma ba sai kin buɗe littafi ba. In kin je ɗawafi ki dubi Hijiru Isma'il, gajeriyar katangar nan mai lanƙwasa. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Nana A'isha cewa ba don mutanenta sababbin shiga Musulunci ba ne, da ya rushe Ka'aba ya mai da ita kan harsashin Annabi Ibrahim. Ya bar abin da ya fi so don gudun abin da zai biyo baya, kuma ga katangar nan har yau kowa na gani. To amma ki lura, bai ce wa kowa ginin Ƙuraishawa shi ne ainihin harsashin ba. Aiki ya jinkirta, gaskiya kuwa ya faɗe ta. Sassaucin ƙarya da ya zo a ruwayar Muslim daga Ummu Kulsum 'yar Uƙba wurare uku ne: yaƙi, sulhunta mutane, da zancen miji da mata. Ƙofa ce ƙarama, an buɗe ta don larura, kuma larura ana auna ta ne gwargwadonta.

Labarin da ya fi kama da naku na Ummu Sulaim ne, mahaifiyar Anas ɗan Malik. Ɗanta ƙarami ya rasu mijinta Abu Ɗalha ba ya gida. Ta ce wa mutanen gidan kada wanda ya gaya masa, ita za ta faɗa. Da ya dawo ya tambayi jikin yaro, ta ce ya samu natsuwar da bai taɓa samu ba. Ba ta yi ƙarya ba, shi ne ya fahimci sauƙi. Ta kawo masa abinci ya ci, ta yi masa kwalliya, suka kwanta. Sannan ta ce, ya kake gani in wasu suka ba mutanen wani gida aron kaya, suka dawo suna nema, ya halatta a hana su? Ya ce a'a. Ta ce to ka nemi ladan ɗanka a wurin Allah. Da ya kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), addu'ar albarka aka yi musu a kan wannan dare. Yaya zai so rabin farko na labarin nan, Gwaggo za ta so rabin ƙarshe. Ni abin da nake so ki gani shi ne tsawonsa. Dare ɗaya ne, ba a kai ga wayewar gari biyu ba. Kuma duk da haka Abu Ɗalha sai da ya yi fushi.

Mu Hausawa muna da namu salon. Ina ɗalibi a Madina aka kira ni aka ce jikin Baba ya tsananta, in taho gida. Tun daga mota zuwa Jidda nake karanta masa Ƙulhuwallahu, ban yarda na faɗa wa kaina dalili ba. Da na sauka Kano, tun daga bakin layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida da butoci a jere. Ban taɓa riƙe kawuna da ya yi min wannan waya a zuci ba, don ƙaryarsa tsawon hanya ce kawai, kuma ƙafata ce za ta kai ni ƙarshenta. Sai dai ki duba abin da al'adar ta jawo mana. Yau duk Bahaushen da ke nesa da gida in ya ji "jiki ya tsananta" sai gabansa ya faɗi, ko da gaske jikin ne ya tsananta. Mun kashe kalmar da yawan aro. Ma'aunin Kant na farko ke nan a aikace: da kowa ya yi, sai dabarar ta daina aiki. Kuma Inna ta girme mu a wannan al'ada. Tana da ƙuruciya ita ma ta taya ɓoye wa wata tsohuwa rasuwa, ko shakka ba na yi. Kina ganin wata bakwai na "babu layi" bai gaya mata komai ba? Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma kullum tana kallon taki. Mai yiwuwa jallabiyar nan tambaya ce take yi muku.

Yanzu mu ari sikelin Yaya mu yi awon da shi, amma a zuba komai. Shi abu ɗaya ya ɗora: bugun zuciya a ranar da aka faɗa. Tsoron nan gaskiya ne, ban raina shi ba. Likitoci sun san cewa mummunan labari na iya taɓa zuciya, har akwai wani nau'in da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, wanda ya fi kama mata masu shekaru, kuma haɗarin ya fi yawa a ranar farko da kwanakin da ke biye. Amma wannan dalili ne na a shirya wa ranar. Bai zama dalilin cewa ranar ba za ta zo ba, don zuwa za ta yi. Hajji na ƙaratowa. Mutanen Mai Wurno da na Sinnar da ke kusa da ita za su shigo Makka, kuma wata tsohuwar ƙawarta za ta rungume ta a harabar Harami ta ce "ya haƙuri?" Babu magani a kusa, babu ke a kusa. Tabbacin aukuwa na cikin jerin Bentham, kuma a nan ba zaɓi ne tsakanin ta ji da kada ta ji ba. Zaɓin shi ne ta ji daga bakinku a ɗakinta, ko daga bakin baƙo a titi. Sannan a ɗora daren da take kwana tana tunanin ko yana da rai, ko an kama shi, ko fushi yake da ita. A ɗora jikokinta biyar da aka hana su muryar kakarsu a lokacin da suka fi buƙatarta. A ɗora matar marigayin, wadda ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma ta fita, surukarta ba ta ce mata ko sannu ba. A ɗora ke, da kike karɓar riyal ɗari biyu duk wata hannunki na rawa. Shi kansa Mill da ya yarda da sassaucin, a wurin ya ƙara da cewa a yi masa iyaka don kada ya wuce buƙata. Ku ba ku sa wa naku iyaka ba. Na tabbata ranar farko cewa aka yi "sai ta ɗan samu sauƙi", daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen.

Amma ko da lissafin ya ba Yaya gaskiya, akwai abin da ba ya hawa sikeli, kuma a nan nake tare da Gwaggo. Labarin nan ba naku ba ne. Ɗanta ne. Ita ta ɗauki cikinsa, kuma Shari'a ta rataya mata haƙƙoƙi a kan mutuwarsa tun daga ranar da ya cika. Tunda ya bar 'ya'ya, tana da sudusin abin da ya bari, wato kashi ɗaya cikin shida, kamar yadda aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta yanke, matarsa kuma tana da sumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Ko gona ɗaya ce da akuya biyu, ba a raba su daidai sai da saninta. Ga kuma wani abu da nake zaton Yaya bai hango ba. Iyaye mata da yawa in suka ji, cewa suke na bar wa marayu nawa. Idan Inna ta koma ga Allah ba ta sani ba, sudusin nan zai shiga cikin abin da ku za ku gada, kuma a fiƙihun da muka karanta ɗa yana kange jikoki. Wato ɓoyewar za ta ɗauke wani abu daga hannun marayu ta sa a naku. Na san ba nufinku ba ke nan. Amma ki faɗa masa haka a hankali, ki ji me zai ce.

Wannan na dukiya ne. Wanda ya fi shi kuwa, mace ce da ke zaune kusa da Ɗakin Allah, wata bakwai tana roƙon a dawo mata da ɗanta lafiya, alhali gafara da sauƙin kabari yake buƙata daga bakin da addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Da ta sani, wataƙila da tuni ta sa an yi masa Umara. Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa bawan da aka karɓi ran ɗansa ya gode wa Allah ya yi istirja'i, wato ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ana gina masa gida a Aljanna a sa masa suna Gidan Godiya. Wa ya ba ku izinin yanke cewa ba za ta iya ba? Wannan shi ne juya mutum da Kant yake faɗa: kun zauna kun tsara mata duniyar da za ta zauna a ciki, kamar yarinya. Jikar mutanen da suka tako daga Burmi ta ƙasar Gombe bayan yaƙin Turawa na 1903, suka keta daji da hamada suna binne 'ya'yansu a gefen hanya har suka kafa gari a bakin kogin Nilu, ba na jin ta kai raunin da kuke zato. Tsofaffin nan sun binne mutane fiye da yadda muka halarci suna.

Inda Gwaggo ta kauce shi ne "yau ɗin nan", da kuma ƙaurace wa gidan. Wajibi ne a faɗa, amma ba wajibi ba ne a faɗa da tsakar rana, mai hawan jini ba ta sha magani ba. Gaskiya ba ta hana dabara, Ummu Sulaim sai da ta bari mijinta ya ƙoshi. Kuma rantsuwar da ta yi, in ta ga abin da ya fi alheri, ta yi kaffara ta shigo, don ranar faɗar ana buƙatar tsohuwa sa'ar Inna a ɗakin, wadda za su yi kuka tare. Saboda haka amsar tambayarki ita ce, Gwaggo ce ke da gaskiya kan cewa sai an faɗa, Yaya kuma a ba shi nasa wajen zaɓen rana da salo. Ya zaɓi ranar da bakinsa, amma kada ta wuce mako biyu, kuma lallai kafin alhazai su fara sauka.

Ki fara da likitan da ke duba ta. Ki gaya masa komai, ya auna jininta, ya duba magungunanta, ya faɗa miki alamun da in kin gani ba jira, kamar ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi ko zufa mai sanyi. Lambar motar asibiti 997 ce, ki sa ta a wayar kowa. Daga yau kuma ki daina cewa babu layi. In ta tambaya ki ce, Inna mun samu labari ya kwanta rashin lafiya mai tsanani, ki sa shi a addu'a. Ya kwanta ɗin, ba ki ƙara komai ba. Kwana ɗaya ko biyu ya isa wannan mataki, kada ya zama sabon rami. In kuma ta dube ki ta ce "ya rasu ko?", to ranar ta zo da kanta, kada ki musa.

A zaɓi safiya, bayan ta karya ta sha magani, Yaya ya taho daga Jidda ya zauna a gabanta, don shi ne babba yanzu kuma daga bakinsa ya kamata ta ji. A gaya mata yadda ya cika, da cewa bai daɗe yana wahala ba, da waɗanda suka yi masa sutura, da hadisin nan na shahada. Za ta tambayi yaushe. Nan ne wurin da ya fi wuya, kuma nan ne za a ji sha'awar yin sabuwar ƙarya a ce makon jiya. Kada a yi. Lissafin takabar matarsa kaɗai zai tona ku. Ku ce da damina ne, tsoron ciwonki ya sa muka ɓoye, mun yi kuskure, ki yafe mana. Wataƙila ta yi kwanaki ba ta yi muku magana ba. Ku jure, haƙƙinta ne. Ki kawo mata lissafin riyal ɗinta, wata bakwai dubu ɗaya da ɗari huɗu, ki ce ga inda suka tafi, in ta amince ya zama sadakarta ga marayu, in ba ta amince ba bashi ne a kanki. A bar ƙofa a buɗe maƙwabta su shigo gaisuwa, ko da an ce kwana uku sun wuce tuntuni, don a wurinta ranar ce ta farko. Da yamma a kira mata jikokinta ta ji muryarsu, tasu ta gaskiya.

Jallabiyar kuwa kada ki taɓa ta. Ita za ta buɗe akwatin, ita za ta faɗi wanda za a ba.